Taƙi Guda Sama, Yatsa Uku Hagu

Duk garin Shirabetsu babu wanda ya kai Tomizo Kurihashi sanin bindiga, babu kuma wanda ya kai shi rashin kashe komai da ita. Shekara goma sha tara yana saɓa doguwar bindigarsa yana shiga daji, amma ko kunnen barewa bai taɓa hudawa ba.

Mai gyaran agogo ne tun yana saurayi. Shekara arba'in ya yi a wani ɗan shago kusa da tashar jirgin ƙasa, da gilashi maƙale a idon dama, har fuskarsa ta saba, ko miya yake sha idon nan a tsuke yake. Da mutane suka koma duba lokaci a waya, shagon ya zama wurin shan shayi. Da jirgi ya daina tsayawa a garin, Tomizo ya sa kwaɗo ya rufe. Amma tun kafin nan ya riga ya samo wa kansa wurin zuwa, wato ƙungiyar mafarauta, masu wata bukkar katako a bakin daji, da murhun ƙarfe a tsakiya da benci uku kewaye da shi. Ya cika shekara goman da doka ta ce sai mutum ya yi da bindigar harbin tsuntsu kafin a ba shi mai dogon zango, kuma agwagin tafki shaida ne cewa bai cuci kowa ba a tsawon wannan lokaci. Ranar da zai karɓo lasisin babbar, kwat ɗin bikin aurensa ya sa.

Teburin gyaran agogon ya koma ɗakin baya na gidansa, can yake ɗura harsashinsa da kansa. Na kanti bai taɓa shiga bindigarsa ba. Zai wanke kwanson harsashi, ya auna tsawonsa, ya fere bakin idan ya wuce da kaurin gashi. Zai zuba albarushi a sikeli, ya tsuke ido, ya sa hantsaki ya ƙara ƙwaya ɗaya, ya yi tunani, ya cire ta, ya sake mayarwa. Harsashi ashirin kan ci masa yini guda. Kan harsashin na jan ƙarfe ne, tunda an hana na dalma saboda mikiyoyin da ke cin mushe suna mutuwa. Shi kuwa jan ƙarfe yakan bar dauɗarsa a cikin bututun bindiga, wadda ido ba ya gani sai an zura ƙyalle da magani ya fito shuɗi. Wannan shuɗin shi ne babban abokin gabar Tomizo a duniya. Yakan yi ta zura ƙyalle har sai ya fito fari fat, sannan ya bi da na ƙarshe mai ɗan mai, ya ɗaga bututun saitin taga ya leƙa, ya yi ajiyar zuciya.

Abin haushin shi ne, shi ne ya fi kowa sanin illar haka. Shi yake koya wa sababbin shiga a bukka.

"Bututun da aka wanke tas aka shafa wa mai," yakan ce, yana ɗaga yatsa, "harbin farko ba naka ba ne, na man ne. Sai ya wuce, mai ya ƙone, dauɗa ta ɗan kwanta, sannan bindiga take dawowa hayyacinta."

Sai ya zaro takardar gwajin harbi daga mita ɗari a aljihu ya baje. Rami biyar a manne da juna, tsabar kuɗi ta yen ɗari biyar za ta rufe su duka. Can gefe kuma, taƙi guda sama, yatsa uku hagu, ga wani rami shi kaɗai kamar maraya. Shi ne harbin farko. Takardun shekara goma sha tara suna nan a akwati, kuma marayan nan bai taɓa sauya mazauni ba. Barewa kuwa ba takarda ba ce, ba ta tsayawa jiran na biyu. Ga shi mutanen Shirabetsu wuya suke auna don kada nama ya ɓaci, wuyan barewa kuma daga mita ɗari biyu bai fi sandar tsintsiya ba.

"To Likita, tunda ka sani, don me kake wanke ta?" Denkichi Sawaguchi ne mai wannan tambayar, duk shekara, bakinsa cike da busasshen kifi. Likita suke kiran Tomizo a bukka.

"Kai ka taɓa kwanciya ba ka wanke baki ba?"

"Kullum."

"Ai ana ji."

Denkichi mai kiwon shanun madara ne, ƙato, mai wuya kamar turmi. Bindigarsa rabonta da tsumma tun ranar da aka sayo ta. Harsashin kanti yake zubawa a aljihu ɗaya da alewa da ƙusoshin shinge. A filin gwaji takardarsa kamar an watsa mata tsakuwa. Amma duk hunturu sai ya kawo barewa goma sha biyar ko ashirin, kuma tsarinsu bai taɓa sauyawa ba: su shiga Kwarin Dila su biyu, Tomizo ya hau tudu, Denkichi ya gangara dama ya laɓe a gindin wani tsohon kututture. A ji harbi ɗaya daga tudu, a ɗan jima a ji ɗaya daga kwari, sai ga Denkichi yana jan nama.

Mutanen gari sun yanke cewa tsabta ce ta zame wa Tomizo ciwo. Shi ma abin da yake gaya wa kansa ke nan, kuma mutum ne da ba ya ƙarya. Kullum tsakiyar wuya yake aunawa, hannunsa ba ya rawa, ya ja kunama a hankali kamar yadda ya kamata. Idan harsashi ya bi ta sama, laifin mai ne. Sai dai akwai abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. A shekararsa ta farko a ƙungiya ya tsuguna kusa da wata barewa da wani ya harba, ya ga jijiyar wuyanta tana bugawa, tana ja baya, tana ja baya, har ta tsaya. Hannunsa ya kai aljihu neman hantsaki kafin ya tuna cewa wannan ba a buɗe bayanta a gyara. Tun daga ranar son tsabta ya kama shi.

Matarsa Mutsuko ba ta taɓa tambayarsa komai ba. Ita ce dai take yayyanka masa tsofaffin zannuwan gado, ƙyalle-ƙyalle daidai faɗin bututu, ta jera a gwangwanin biskit. Maƙwabta suna yaba mata haƙuri. Ba su lissafa cewa shekara talatin ta yi a masana'antar kifi tana farke ciki daga safe zuwa yamma ba, kuma ranar da ta ajiye aiki ta wanke wuƙarta ta ba wa ƙanwarta. Namiji da ke fita farauta ya dawo hannu biyu, ya bar mata gida yini guda ta sha iska, a wurinta babu miji kamarsa. Ko kason naman da ake rabawa a bukka ba ya karɓa, wai wanda bai samu ba bai kamata ya ɗauka ba. Mutsuko takan ce wannan ɗabi'a tasa ita ta fi burge ta.

Haka aka zauna lafiya har aka zaɓi sabuwar shugaba. Etsuyo Nagahori ma'aikaciyar gona ce, shekarunta ba su wuce arba'in ba, kuma ita manoma suke tarewa a hanya suna nuna mata gonakin da barewa ta aske. A taron farkon Maris ta miƙe a gaban murhu.

"Gurbinmu goma sha biyu ne, kuma ga mutum biyu suna jira tun bara. Wanda bai kawo ko guda ba kafin ƙarshen watan nan, zai ajiye mabuɗin bukka." Ba ta kalli kowa ba, shi ya sa kowa ya kalli Tomizo.

"Ranki ya daɗe," in ji Denkichi, "Likita fa shi ya gyara wa rabin mutanen nan saiti."

"Na sani, Baba Sawaguchi. Amma manoma ba takarda ke cinye musu ciyawa ba."

Tomizo ya dubi gurbinsa a benci, inda katakon ya lotsa daidai mazauninsa, da ƙusar da yake rataye kofinsa. Shekararsa saba'in da ɗaya. Idan an karɓe mabuɗin nan, abin da ya rage masa ɗakin baya ne da talabijin.

Lahadi uku suka wuce. Sau uku ya wanke bindiga, sau uku ya auna wuya, sau uku Denkichi ya ja nama. Ana gobe Lahadin ƙarshe Denkichi ya zo gidan da rana, ya zauna a bakin ƙofa ko takalmi bai cire ba.

"Da doka ta bar ni na taɓa bindigar wani, da tuni na cusa mata kashin shanu," ya ce. Gaskiya ne kuwa, a ƙasar nan ko matarka ba ta isa ta ɗaga bindigarka ba, ko sanin inda mabuɗin akwatinta yake bai halatta gare ta ba. "Amma sandar gogewa ba bindiga ba ce, ita zan iya kwashewa. Gobe da safe za mu filin gwaji, ka yi harbi uku, daga can mu wuce daji. Guda ɗaya kawai, Likita. Ka kashe ɗaya, ka koma wankinka har ka mutu."

Mutsuko tana zuba musu shayi. Butar ta ɗan tsaya a sama, sannan ta ci gaba.

Da safe aka yi yadda ya ce. Tomizo ya yi harbi uku, na farko ya tafi gidansa na kullum, biyun suka shiga rami ɗaya. Denkichi ya kwashe sanda da burushi da kwalbar mai da gwangwanin biskit ya kulle a motarsa, ya lalube aljihunan Tomizo kamar ɗan sanda, har hularsa sai da ya leƙa.

Shugaba Nagahori na jiransu a bakin Kwarin Dila, ta zo ta gani da idonta.

"Ni yau ina tare da shi a tudu," in ji Denkichi. "In na kau da kai zai iya lashe bututun da harshe."

"To ni ina zan tsaya? Ina kake tsayawa kullum?"

Denkichi ya sosa ƙeya. Kowa ya san kututturen, ba damar ƙarya. Ya kuma lissafa cewa yau harsashi a jikin barewa zai tsaya, babu abin da zai gangaro.

"Can gindin kututture. Ba wani abu a wurin, iska ce dai ba ta dukan mutum."

Suka hau tudu suka kwanta a ƙanƙara bayan wani gungume. Hantsi ya yi, rana ta take, babu motsi. Tomizo ya kwance ɗaurin abincin da Mutsuko ta ba shi. Curin shinkafa uku, da tsamin kabewa, wanda Denkichi ya kai wa hannu ba tare da tambaya ba. Da Tomizo ya ɗaga curi na uku sai ya ga wata 'yar leda a ƙasa. A ciki akwai igiyar kamun kifi a naɗe, da ɗan ƙarfe a baki ɗaya, da ƙyalle a ɗaya bakin, jiƙe da mai. Ya gane zanen. Na gadonsu ne, mai furanni.

Shekara arba'in da shida da aure, ashe ta sani.

"Ga su nan," Denkichi ya raɗa, idonsa a madubin hange. "Uku. Ta gaban nan, babbar. Mita ɗari biyu ba ko ɗaya. Likita, yau ranarka ce."

Tomizo ya kwantar da kunci a kan bindiga. Wuyan barewar ya cika madubi, har yana ganin tururin numfashinta. Bai taɓa riƙe bindiga mai gaskiya irin ta yau ba. Inda ya auna nan za ta je, shi ya ɗura harsashin, ya san ko ƙwayar albarushi ɗaya ba ta yi gardama ba. Yana iya ɗaga bakin kaɗan ya ce hannu ne ya goce. Amma wannan ƙarya ce, kuma a ce hannun Tomizo Kurihashi ya goce, gara a karɓe mabuɗin.

Ya janye kai. Ya zare harsashin, ya cire makullin bindiga, ya saki ɗan ƙarfen igiyar ta cikin bututu.

Denkichi ya waigo, idanunsa suka fito. "Me kake yi? Ina ka samo wannan?"

"Kada ka taɓa. A cikin bindigata take, doka ta hana."

"Kai mahaukaci ne? Za su kore ka!" Duk a cikin raɗa, jijiyar wuyansa kamar za ta tsinke.

"Korata ce ta dame ka, ko kututturenka?"

Denkichi ya sauke madubin hange.

"Ka ɗauka ban sani ba?" in ji Tomizo, yana jan igiyar a hankali. "Harsashina ya faɗi bayansu ta hagu, ƙanƙara ta tashi, su zabura dama su gangara kwari, su zo maka har gaban hanci. Taku talatin. Da wannan bututun naka mai kama da bututun hayaƙi, in ya wuce taku talatin ko saniyarka ba ka samu."

"To kai fa, tsohon munafuki? Ka ɗauka ban san dalilin wankin ba? Shekara nawa ina kallonka kana juya baya idan ana fiɗa, wai kana duba agogo!"

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kai me ya hana ka?"

Suka harari juna. Ƙyallen mai furanni ya fito ta baki. Tomizo ya mayar da komai, ya kwanta, ya auna tsakiyar wuya da dukan gaskiyarsa, ya ja kunama.

Ƙanƙara ta yi tsalle a jikin tudun da ke bayan barewar, sama da hagu. Su ukun suka zabura dama, suka bi gangare suka ɓace. Denkichi ya kifa fuskarsa a ƙanƙara yana ƙirgawa a fili, don ya san lissafin da ka. Yana kaiwa sha biyu aka ji harbi ɗaya daga kwari.

Sai da aka ɗan jima Shugaba Nagahori ta hauro tudun tana haki, kumatunta jajur. Ta karɓi madubin Denkichi ta duba ramin da harsashi ya yi a ƙanƙara, ta bi sawun da ido har kututture, sannan ta sauke madubin ta dubi tsofaffin biyu, waɗanda suka tsaya kamar an kama su da satar kabewa.

"Shekara shida ina daskarewa a dajin nan," ta ce, "ban taɓa ganin barewa ta zo ta miƙa mini wuya ba sai yau. Baba Kurihashi, kullum nan harsashinka yake faɗawa?"

Mai hankali zai ce dace ne. Denkichi ma yana ta taka masa ƙafa. Amma an taɓo aikin hannunsa.

"Kullum," ya ce, ya miƙe ƙirji. "Daga mita ɗari biyu, taƙi biyu sama, yatsa shida hagu. Ki kawo tsabar kuɗi ki ajiye a wurin, zan huda miki ita. Ba a samun haka da na kanti."

"Baba Sawaguchi kuma, ranakun da Baba Kurihashi ba ya nan, nawa ka kashe?"

"Ai ranki ya daɗe, ni ba na son fita ni kaɗai. Kewa."

Ta cije leɓe, ta juya musu baya na ɗan lokaci, kafaɗunta suna motsi. Da ta waigo fuskarta ta koma ta shugaba.

"Wannan barewar ta mutum biyu ce, haka zan rubuta. Baba Kurihashi, riƙe mabuɗinka. Kuma kada ka kuskura ka daina wanke bindigar nan, ƙungiya za ta riƙa saya maka mai. Kututture kuma daga yanzu bi da bi ne, kowa ya ɗana."

"Haba ranki ya daɗe! Ni fa na gano wurin!"

"Naka zai zagayo, sau ɗaya a wata uku. Kafin nan ka nemi wanda zai koya maka harbi."

A bukka aka yi fiɗa, Tomizo yana duba agogo. Da aka zo rabo ya ɗaga hannu kamar kullum, zai ce wanda bai samu ba bai kamata ya ɗauka ba.

"A'a," in ji Nagahori. "Yau ka samu, a rubuce yake. Kuma duk wadda aka kashe a kututture daga yanzu, cinya guda taka ce."

Da la'asar Mutsuko ta ji tsayuwar mota, ta fito da fara'arta tana goge hannu. Ta fara duban fuskar mijinta, ta ga mabuɗin bukka na lilo a wuyansa, ta saki numfashi. Sannan ta ga Denkichi a bayansa, rungume da gwangwanin biskit ɗinta, da tasa bindigar a cikin jaka a kafaɗa, ya zo koyon harbi, fuskarsa kamar an aiko shi gaisuwar mutuwa. Sannan ta ga abin da Tomizo yake riƙe da shi nesa da jikinsa, cikin leda, da kofato a leƙe.

"Maigida, mene ne wannan?"

"Cinya ce," ya ce, bai iya haɗa ido da ita ba. "Wai duk mako za a riƙa kawowa."

Mutsuko ta daɗe tana kallon kofaton. Ta juya ta shiga ciki, suka ji tana danna waya.

"Ke, Fukiko," ta ce wa ƙanwarta, "wuƙar nan da na ba ki, tana nan?"